Ranar da Yaya Ya Ƙi Kashe Saba

Alhamis

Zuwa ga uwargida, Likitar ƙauye,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Yaya aiki, yaya masu haihuwa, yaya ƙafar nan taki da ke kumbura in kin daɗe a tsaye? Ina fata kina shan maganinki, ba rabar da shi kike yi ga marasa lafiya kamar yadda kika saba ba. Yara suna nan lau, suna gaishe ki.

Na ba direban motar magani wannan takarda don na san waya ba ta kamawa a wurinku. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Yayanki yana asibiti. Yana da rai, da wannan na fara don kada zuciyarki ta buga.

Jiya Laraba da hantsi direbobin kamfaninmu suka yi masa dukan kawo wuƙa. Sun fi su ashirin, ƙarti majiya ƙarfi, a kan mutumin da ko tsawa bai iya yi wa yaro ba. Sun karya masa muƙamuƙi da haƙarƙari uku. Idonsa na hagu kuwa likita ya ce sai kumburi ya sauka za a san abin da ake ciki.

Kin san aikinmu ni da shi, ko da yake da na fara yi miki bayani sai ki kama hamma. Yau dai ki daure. Duk takardar izinin fita da kaya ta imel take zuwa, kuma imel ɗin kamfanin nan kaf yana cikin na'ura ɗaya da muke ce wa saba, wadda ke ɗan ɗakin nan mai ƙofar ƙarfe a ƙarshen barandar sama. In babu takarda, mota ba ta motsawa. Ranar Litinin da safe sabar ta tsaya cik. Manyan motoci sama da arba'in suka yi layi a fili, wasu da kifi a ciki, rana tana gasa su. Kafin Laraba warin ya kai bakin titi.

Yaya ya gano inda ta lalace, ya sa ta tana gyara kanta wasiƙa bayan wasiƙa. Ya ce aikin zai ci kwana huɗu, kuma in aka kashe ta a tsakiya wasiƙun shekara shida sun tafi ke nan, har da takardun da direbobin ke jira.

Sai ga Manaja, mai tumbin nan da ya fi kowa sanin komai. Makon jiya ne ya sayo sandunan memori huɗu, wato ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita, Yaya ya sa su da hannunsa ranar Juma'a ina tsaye. Manaja ya leƙa allo ya ga lambar da ke nuna memorin da ya rage babu kowa a ciki ta kusa sifili. Shi ke nan, wai ba a sa komai ba, an sayar. Yaya ya nuna masa lambar jimla a gefe, Manaja ya ce ai mai na'ura shi ke rubuta abin da ya ga dama. Ya ce a kashe ta nan take, a buɗe cikinta kowa ya gani. Yaya ya ce ba zai kashe ba sai ta gama. Ya fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ware hannuwa, Manaja kuwa, da ya riga ya fice, ya leƙa ta tagar ofishinsa ya ƙwala wa fili ihun ɓarawo.

Wallahi ƙarar takalmansu a kan matakala har yanzu tana kunnena. Shugabansu, wanda suke kira Ba-Birki, shi ya fara isowa da sifanar taya a hannu. Bai tambayi komai ba. Ya sauke masa ita a gefen fuska, tabarau ya tarwatse, sauran suka rufar masa da bel da ƙafa da duk abin da hannu ya kai gare shi. Suka ja shi ta ƙafa har ƙasa, kansa yana bugun matakala ɗaya bayan ɗaya. A fili wani ya ɗebo ruɓaɓɓen kifi ya cusa masa a baki. Da 'yan sanda ba su zo ba, da yanzu wata takardar daban nake rubuta miki.

Tir da waɗannan mutane! Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana gyara musu wayoyinsu kyauta, yana cike musu takardun asibiti. Ina rubutun nan ji nake in na kama maƙogwaron Manaja ba mai ƙwatarsa sai Allah.

Za ki tambaya ina nake a lokacin. Ina ciki, wurin na'ura. Za mu yi wannan maganar.

Ki yi masa addu'a. Kada ki taso tukuna, na san ba ki da mai karɓar ki, kuma ina kansa safe da yamma.

Naki har kullum,
Mijinki


Asabar

Likitata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida abokan aikinki. Yaya kika ji da labarin? Na san kin yi kuka, na kuma san a bayan ɗakin haihuwa kika ɓoye kika yi shi don kada masu naƙuda su gani. Allah Ya ba mu haƙuri.

Idon ya tafi. Jiya aka shiga da shi aka cire. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, ba ya magana, ta tsinken roba yake shan abin da aka dama masa. Wannan duk na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne ankwa. Manaja ya kai ƙarar sata, don haka an ɗaure hannun Yaya na dama a jikin ƙarfen gado, ga ɗan sanda a kan kujera yana danna waya. Mutumin da ko juyawa ba ya iya yi, wai kada ya gudu.

Maganar ta riga mu isa unguwa. An rubuta ɓarawo da baƙin fenti a ƙofar gidan Yaya, an jefi tagar ɗakin matarsa Anti da dutse, gilashi ya yanke ta a goshi. Yau da safe a shagon magani wani mai faci ya ce wai masu tabarau ɗin nan ai su ne manyan ɓarayi. Ban san lokacin da na shaƙe shi ba. Na haɗa kansa da kanta sau biyu, haƙorinsa ya fita, sai da mutum uku suka ɓamɓare ni. Kin san ni ba mai faɗa ba ne, amma tun Laraba neman wanda zan daka kawai nake yi.

Abin haushin, sabar ta gama gyaran jiya da la'asar, daidai yadda ya ce. Ko wasiƙa ɗaya ba ta ɓata ba. Takardu suka fito, motoci suka tashi suna busa ham, ba wanda ya tako asibiti.

Bari in gaya miki abin da Manaja ya kasa ganewa shekara da shekaru, don ki san Yayanki bai ɗauki ko allura ba. Ki ɗauka memori shi ne teburinki na ɗakin haihuwa, faifan ajiya kuma shi ne sito. Ungozomar kirki ba ta barin tebur fayau don ya yi kyan gani. Tana jera almakashi da auduga da zare a kai, saboda kada ta riƙa gudu sito ana tsakiyar aiki, kuma in wani abu ya fi su muhimmanci sai ta ture su nan take. Haka saba take yi. Duk wurin da ya rage a memori sai ta cika shi da wasiƙun da aka fi nema, wannan muke ce wa kesh. Abin da aka daɗe ba a taɓa ba kuma sai ta kai shi wani ɗan lungu a faifai da ake kira suwaf, don ta sami wurin numfashi in aiki ya yi yawa. Saboda haka in ka ƙara mata memori, cika shi za ta yi. Lambar da Manaja ya gani alamar lafiya ce. Yaya ya faɗa masa wannan ya fi sau hamsin, har zane ya taɓa yi masa a bayan kalanda.

Yanzu Manaja ya sauya kwaɗon ɗakin tun ranar Laraba, makulli yana aljihunsa, ya ce ba mai buɗewa sai kotu. Na lura jikinsa ya fara sanyi, tsoron abin da za a gani a ciki yake yi. Amma mutane ba su damu da ƙofa ba. Tambaya ɗaya suke yi, har ɗan sandan da ke gadin gadon: in da gaske an sa memorin ranar Juma'a, me ya kashe na'urar ranar Litinin?

Yaya ba ya iya magana, hannunsa na rubutu kuma yana cikin ankwa. Ni kuwa da aka tambaye ni sai na ce ban sani ba.

Ki gaida kowa. Ki ci abinci, don Allah.

Naki,
Baban yara


Lahadi

Uwargida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Ban san ko bayan wannan takarda za ki so in sake tambayar ki lafiya ba, shi ya sa na tambaya da kyau yanzu.

Ƙarya na yi wa ɗan sanda. Ke ma ban gaya miki duka ba.

Kowace Litinin da ƙarfe takwas Manaja yakan shigo ɗakin saba ya dubi lambobi biyu, memorin da ya rage da kuma abin da ke cikin suwaf. In na farko ya yi ƙasa ko na biyu ya ɗaga, sai ya hau mu da zagi a gaban masu shara. Yaya yakan tsaya ya yi masa bayani, ya sha zaginsa, ya koma aiki ko a jikinsa. Ni ne abin ke ci. Wata rana na ce wa Yaya me zai hana mu share kesh ɗin kafin ya zo, ya ga lambarsa ya ƙyale mu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce kada in kuskura, ba a wahalar da na'ura don a faranta wa jahili rai.

Na kuskura. Bara na rubuta wani ɗan umarni, layi huɗu kacal, na ɓoye shi inda Yaya ba ya dubawa. Duk Litinin da bakwai da rabi yakan zubar da kesh gaba ɗaya, ya kashe suwaf ya kwashe abin da ke ciki, sannan ya sake kunna shi. Manaja ya shigo ya ga lambobi tas, ya dafa kafaɗata ya ce ga yaro mai kai, ba irin wasu ba. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, a gaban mutumin da ya koya mini riƙe sukudireba, ya sama mini aikin, ya kuma ba ni ƙanwarsa.

Daga nan ne imel ya fara ja da ciki duk safiyar Litinin, don sai ta koma faifai ta ɗebo komai daga farko. Yaya ya yi ta bincike yana zargin tsufan faifai. Ina zaune kusa da shi ina taya shi nema. Saboda wannan jan cikin ne aka sayo memorin.

Litinin ɗin nan, a daidai mintocin da umarnina ya kashe suwaf, sai ga takardu sun shigo da yawa lokaci guda, manya-manya masu hotuna. Memori ya cika maƙil, babu lungun da za ta ture komai, sai na'ura ta yi abin da takan yi in ta shaƙe, ta kashe aikin da ya fi cin wuri. Aikin kuwa shi ne na imel, yana tsakiyar rubutu. Abin da ya lalata ta ke nan. Ni na kashe ta, kuma ni na koya wa Manaja cewa waccan lambar ita ce gaskiya, shekara guda ina ciyar da shi ita.

Saura maganar ƙofa. Da na ji su a matakala, Yaya yana waje ya ba ƙofa baya. Taku biyu ne tsakaninmu. Da na miƙa hannu na fizgo rigarsa, da mu biyu muna ciki. Sai na tura ƙofar na zura sakata. Na ce wa kaina na'ura nake karewa, kuma na yi ta faɗa wa kaina haka kwana huɗu. Ƙarya ce, tsoro ne ya kama ni har fitsari ya zubo mini. Ina jin bayansa yana bugun ƙarfen, ina jin sifana, ina tsugune na toshe kunnuwa. Bai kira sunana ba ko sau ɗaya.

Mai facin da na cire wa haƙori bai yi mini komai ba, kaina nake son duka na rasa ta inda zan fara.

Gobe da safe direbobi za su dawo lodi, dukansu za su taru a rumfa. Zan je can. Na kai yara wurin Anti, na ce mata aiki ne zai riƙe ni. Na ba da wannan takarda tun yau don kada gobe in sami hanyar fasawa.

Ki yafe mini in za ki iya. In ba za ki iya ba, ba ki yi laifi ba.

Mijinki


Laraba

Zuwa ga ƙanwar Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar na ɗan aji ɗaya, da hagu nake yi.

An cire ankwar. Jiya da azahar ɗan sandan ya buɗe ta ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Wannan shi ne labarin, sauran bayani ne.

Na je rumfar ranar Litinin kamar yadda na ce. Na tsaya gaban Ba-Birki na ce masa sun daki mutum a kan abin da ba su gani da idonsu ba, in su maza ne su zo a buɗe na'urar yanzu, tunda ta gama aikinta. Ya ce in aka buɗe babu komai sai ya haɗa ni da surukina. Na ce na yarda. Suka ɗunguma ofishin Manaja. Ya fara maganar kotu, Ba-Birki ya ɗaga shi da kwalar riga ya zazzage shi har makulli ya faɗo.

Na kashe sabar a hankali yadda Yaya ya koya mini, na kwance murfin. Ga sandunan memorin nan su huɗu a jere, da takardar shagon a manne a jikin kowanne, lambobinsu daidai da na kwalayen da ke teburin Manaja. Wani tsohon direba ya fara salati, ya zame ya zauna a ƙasa.

Da na yi shiru a nan, da na fita gwarzo. Har wani ya fara dafa ni. Amma tambayar tana nan, kuma na ga Manaja ya buɗe baki zai yi ta, ya ce to ai sakacin Yaya ne ya kashe ta. Sai na riga shi. Na faɗi maganar layi huɗun nan, na faɗi abin da suke yi, na ce ni na rubuta su don a yabe ni, kuma Yaya ya hana ni tun farko. Rabinsu ba su gane kesh da suwaf ba, amma sun gane cewa kifinsu ni na ruɓar da shi. Mari na farko ta baya ya zo. Na faɗi kan murfin na'ura, leɓena ya fashe, ƙafafu suka fara sauka a cikina.

Ba-Birki ne ya daka musu tsawa suka ja baya. Na ɗauka ceto ne. Ya tsuguna ya tambaye ni ina nake ranar da suke dukan Yaya, don shi ya tuna ƙofar a buɗe take da ya hawo, sai ya ji ta rufe. Na ce ni na rufe. Ya tambaya ko da hannun nan, na ce da shi. Idanunsa suka kaɗa suka yi ja, ya ce shi ya daki bare bisa kuskure, zai amsa a gaban Allah da gaban hukuma, amma bai taɓa ganin wanda ya rufe wa ɗan'uwansa ƙofa ba. Ya ja ni har bakin ƙofar, ya ɗora hannuna a jikin ƙarfen, ya maka ta da ƙafa. Yatsu huɗu suka karye. Na ji ƙarar kafin in ji zafin.

Shi da kansa ya sa ni a mota ya kawo ni asibiti, daga nan ya wuce ofishin 'yan sanda ya miƙa kansa. Manaja ya janye ƙara, an kuma ce masu kamfani sun kira shi. Ni an kore ni, wannan ba sai an faɗa ba. Jiya direbobi shida suka je da fenti suka shafe ƙofar Yaya, Anti ta watsa musu ruwan wanke-wanke, suka tsaya ya jiƙa su, suka ci gaba da fentinsu.

Da yamma na roƙi nas ta kai ni ɗakinsa. Na durƙusa a gefen gadon, ta ɓangaren idon da ya rage, na faɗa masa komai tun daga farko. Ya saurara har na gama, sannan ya yi alama a ba shi biro. Wuyan hannunsa duk ya sale saboda ankwa, ya daɗe yana rubutu.

Ya rubuta cewa tun ranar Litinin ɗin da ta tsaya ya ga umarnin, da sunana a jikinsa, ya goge shi kafin ya fara gyara. Ya ce ya ji ƙarar sakata. Ya ce da ya faɗi sunana a barandar nan da sun ɓalle ƙofar sun kashe ni, na'urar ma ta tafi. A ƙasa ya ja layi biyu ya rubuta cewa kada in gaya miki, ko da wasa, don ba ya son gidanki ya mutu a kan ido ɗaya.

Na ce masa na riga na aika tun Lahadi. Ya dube ni da idon nan ya daɗe, sannan ya juya fuskarsa bango. Har nas ta zo ta ɗaga ni bai juyo ba.

Motar magani za ta dawo jibi, na roƙi direban ya ajiye miki kujerar gaba saboda ƙafarki. In kin shigo, ɗakinsa ne na uku a hannun dama, ki fara da shi. Nawa yana can ƙarshe kusa da wurin wanki. Ba dole ba ne ki ƙaraso.

Wanda har yanzu mijinki ne, in kin yarda.